Kujerar Malama Tabita

Duk wanda ya zauna a Gyadi-Gyadi shekarun baya ya san Kyaftin. In ka baro titin Zariya ka shiga titin Kotu, za ka ga wani ɗan shagon katako mai shuɗin fenti, an zana jirgin sama a jikinsa, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Nan ne ofishinsa. Sunansa na gaskiya Ishaku Timothy, mutumin Zonkwa ne, amma ban da fastonsu ba na jin akwai mai kiransa da cikakken sunan. Ni Baban Joy nake ce masa, don gidan haya ɗaya muka zauna a Tarauni, ƙofata na kallon ƙofarsu, tun 'yarsu Joy tana rarrafe har ta yi aure. Saboda haka in na ce na san mutumin nan to na san shi, har da abin da ba zai so in sani ba.

Da aikin masinja ya fara, a wani kamfanin sayar da tikitin jirgi a Fagge. Da kamfanin ya durƙushe bai samu ko kuɗin sallama ba, amma ya fito da abu biyu. Na farko wata tsohuwar hular matuƙin jirgi da wani ya manta a ofishin, ita ta jawo masa sunan Kyaftin. Na biyu wani ilimi da ya ci abinci da shi shekara da shekaru: tikitin da aka saya tun da wuri araha ne, wanda aka saya ranar tafiya kuwa wuta ne, kuma a lokacin ba wanda ya damu ya dubi fuskar mai riƙe da shi. In an kira suna ka amsa, shi ke nan, ka hau.

To sai Baban Joy ya riƙa sayen tikiti tun watanni kafin Sallah ko Kirsimeti, ya ajiye, ya jira masu gaggawa. Kuma Kano ba ta taɓa rasa masu gaggawa ba. Da yake dole a rubuta suna a jikin tikiti tun ranar saye, shi kuma bai san wanda zai zo ba, sai ya sauƙaƙa wa kansa. Na maza ya sa sunansa, na mata ya sa sunan matarsa.

Na taɓa tsayawa a shagon nan, na kai masa kunun aya da nake sayarwa, na tarar yana yi wa wani Alhaji bita. Alhajin ya sha babbar riga, ga carbi a hannu.

"Alhaji, daga nan zuwa Legas sunanka Ishaku Timothy."

"Ishaku dai na ji, sunan Annabi ne. Timoti kuma fa?"

"Na ɗan lokaci ne, ranka ya daɗe. Kana sauka ka koma sunanka na yanka, ba wanda zai riƙe ka."

Alhajin ya yi ta maimaitawa a hankali yana jan carbi, har ya shiga mota. Hajiyoyin Hotoro masu zuwa sarin leshi su ma haka, sai ka ga mace ta sha gwala-gwalai tana tambayar 'yar rakiyarta, "Ke, wa ma ya ce sunana?"

Da yamma in ya rufe shago sai ya zauna wajen mai shayin bakin layi ya buɗe makaranta. Yadda kunne ke toshewa in jirgi ya ɗaga, da amfanin tauna cingam. Yadda gajimare yake in kana samansa. Wace kujera ce ba ta jijjiga, wane gefe ne ake hango dutsen Dala. Yana magana yana gyara hula, masu sauraro suna jinjina kai. Duk unguwar an yarda ba wanda ya kai shi sanin sama. Ni kaɗai da matarsa muka san cewa Baban Joy bai taɓa wuce ƙofar da ake duba kaya ba. Labaran nan duk a bakin kwastomomi ya tsinto su, ya wanke, ya goge, suka fi na masu su kyau.

Matar tasa ita ce Malama Tabita, malamar firamare a wata makaranta a Daurawa. Mace ce marar hayaniya, in ta yi magana sau ɗaya ba ta ƙarawa. Mun yi zaman amana da ita. Ranar Sallah ita ke riƙe min murhu ɗaya, ranar Kirsimeti ni ke yanka mata albasa, kuma kajinta mijina ke yanka mata don mu iya ci. A bakin murhun nan ta gaya min yadda aka yi ta aure shi. Ta ce masu nemanta a Zonkwa har da mai babur sabo, amma Ishaku ya zo da hular nan ya ce mata, "In kika aure ni zan hau da ke jirgi, in sa ki a bakin taga." Ta ce min ita ba Legas take son gani ba, ba kuma jirgin ba.

"To me kike son gani?" in ji ni.

"Garin nan, Maman Sadiq. Shekara nawa ina zana wa yara taswira a allo ina ce musu haka ƙasa take in an kalle ta daga sama. Ina so in ga yadda Allah yake ganinmu."

Ba wai bai saya mata tikitin ba. Nan ne abin haushin yake. Ya saya, ba sau ɗaya ba. Karon farko wata Kirsimeti ce, Joy tana ƙarama. Malama ta yi ɗinki, ta yi kitso, ta shirya akwati tun ana saura mako. Da safen tafiyar ina tsakar gida ina shara ya shigo yana murmushin nan nasa na ciniki, ya ce wata Hajiya ce mahaifiyarta ba lafiya a Legas, ta roƙe shi da girman Allah, kuma ta ninka kuɗin. "Taimako ne, Malama. Na gaba naki ne." Ta buɗe akwatin ta mayar da kaya cikin durowa, ta saka tsohon zaninta ta ɗora abinci.

Na gaba ya zo, wata Hajiyar ma ta zo. Daga baya har Malama ta daina yin kitso in ya ce ya saya, akwatin kawai take saukewa daga kan durowa, don kada ya ce ta raina shi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na bikin Joy. Yarinyar ta auri wani yaro Obinna, mai sayar da kayan lantarki a Legas, a can za a ɗaura. Uban amarya ya sayi kujera biyu, ya bi gida-gida yana faɗa. Ana jibi tafiya farashi ya yi tashin da bai taɓa gani ba, ya kasa haƙuri. A doguwar mota suka je. Malama ta shiga coci da ƙafa a kumbure, takalmin bikin a cikin jaka, silifas a ƙafa. A hoton bikin da ke falonsu in ka duba ƙasa za ka gani.

A shekarun ne idonta ya fara. Da farko ta ce tabarau ne ya tsufa. Sai ta fara karo da bokiti in an ajiye shi a gefe, ta fara zuba ruwa kusa da kofi. Ni na raka ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da za a cire, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe wanda ya rage da magani. Ya ce ganin zai riƙa rufewa daga gefe-gefe. A hanyar dawowa cikin adaidaita ta kama hannuna ta ce, "In zai hau da ni, ya hau da ni yanzu." Na faɗa masa da bakina a daren... a'a, da safe ne, yana goge takalmi a bakin ƙofa. Ya ce ya sani, ai shi ya fi kowa damuwa, bari kasuwa ta ɗan lafa. Gaskiya yana sayen maganin, bai taɓa fashi ba, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma a ganinsa ido ma abu ne da za a ce masa na gaba.

Ta bar koyarwa. Ta koyi gidan da ƙafa da tafin hannu, har baƙo ba zai gane ba. Kasuwa kuwa ba ta lafa ba.

Abin da ya lafar da ita daga sama ya zo, ba daga zuciyarsa ba. Aka tsananta duba katin shaida mai hoto ga duk mai hawa jirgi, ko nan da Abuja za shi. Sai sunan kati ya yi daidai da na tikiti, fuskar kati kuma ta yi daidai da ta mai shi. Dā ma ana faɗa, ana yi ana bari, Baban Joy ya ce wannan ma zai wuce. Sai aka dawo masa da wani ɗan kasuwa daga filin jirgi, ya zo shagon da jakarsa da zufa, ya kusa cire masa hular nan da mari. Bayan kwana kaɗan aka dawo da wata Hajiya. Ita ba ta yi mari ba, amma abin da ta faɗa har masu shagon maƙwabta sai da suka rufe kunnen 'ya'yansu.

Makarantar mai shayi ta koma zaman makoki. Kyaftin ya ce zalunci ne, an hana talaka neman halak. Ya ce shi fa bai taɓa cutar kowa ba, kujera ce, ko wa ya zauna nauyi ɗaya jirgi zai ɗauka. Ya ce a ƙasashen da aka ci gaba ba a haka, kamar ya taɓa zuwa.

Cikin hajarsa saura tikiti biyu na Disamba, zuwa da dawowa Legas, ɗaya Ishaku ɗaya Tabita. Na rangwame ne, ya je a mayar masa da kuɗi aka ce ba a mayarwa, ya ce a canza suna aka ce ba a canzawa. Da wani ne, da ya haƙura. Baban Joy ya kwana biyu yana tunani, ya fito da dabara: tunda fuska ake dubawa, to a nemo fuska. Zai samu mai kama da shi da mai kama da matarsa, ya ara musu katin zaɓe, su je su dawo masa da abinsa.

Wallahi mutumin nan ya yi sati yana zaga kasuwar Tarauni yana leƙen fuskar mutane. Ya tsaya gaban mai tumatir ya ciro kati ya duba ya ɗago, ya girgiza kai ya wuce. Har aka fara cewa ko aikin 'yan sandan ciki ya samu. Ya samu wani mai gyaran rediyo a Babban Giji da ya ce hancinsu ɗaya, amma mutumin ya ce shi ba shi da kowa a Legas, kuma ko kyauta ba ya hawa abin da ba ya iya tsayawa a sauka in ya lalace.

Da ya gaji sai ya zo wurina. Ina tsakar gida ina tace aya, ya durƙusa kusa da ni, ya rage murya, ya miƙo min katin zaɓen Malama.

"Maman Sadiq, ke kin san mata da yawa. Cikin masu sayen kunun nan naki, ba wadda ta yi kama da wannan hoton? Ba sai sosai ba."

Na karɓa na duba. Tsohon hoto ne, lokacin tana koyarwa, ta ɗaura ɗankwali, ta kalli mai hoton tsaf da idon nan nata da yara ke tsoro. Raina ya ɓaci.

"Akwai," na ce.

Fuskarsa ta washe. "Allah? A ina take?"

"Mace ɗaya ce a duk Kano mai kama da wannan hoton. Tana ɗakinka, tana laluben ashana."

Ya karɓi katin ya kalla, ya juya ya kalli ƙofarsu. Labulen a ɗage yake, Malama na durƙushe tana shafa saman tebur da tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta, ya sake kallon katin. Na ɗauka zai ce wani abu na mutane. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Kuma fa haka ne, kuɗin ba zai tafi a banza ba."

Ranar Lahadi kafin a tashi daga coci kowa ya ji cewa Kyaftin zai cika wa matarsa alkawari. Ya faɗa da alfahari, har ana tafa masa. Ba wanda ya tafa wa masu duba kati, su da suka yi aikin. Joy ta kira tana kuka a waya don murna, dama ta haihu ba a daɗe ba, tana son uwar ta zo ta taɓa jikan. Ni na yi wa Malama kitso. Ina kitson tana ce min, "Kada ki ja da yawa, ƙila anjima a tsefe." Har ranar tafiya ba ta yarda ba, sai da ta ji an sa akwatin a bayan mota. A lokacin abin da ya rage mata a ido haske ne da duhu, sai inuwar mutum in ya gitta.

Abin da ya faru daga nan a bakinta na ji, bayan sun dawo, kuma Malama ba ta ƙari.

Ta ce a wurin karɓar kaya wata yarinya mai fara'a ta amshi katinansu, ta duba fuskarsu, ta danna kwamfuta, sai ta ce, "Kai, Baba da Mama, ashe tsofaffin kwastomominmu ne ku. Sannunku da dawowa." Baban Joy ya gyara hula ya ce ai kuwa. Malama ta matso ta ce, "'Yata, ina da ina na je?" Yarinyar ta ɗauka wasa ne, ta karanto mata: Legas, Abuja, Legas, Fatakwal, Legas kuma. Malama ta ce, "Ashe na sha yawo."

Ya sa ta a bakin taga kamar yadda ya ce tun a Zonkwa. Bel ɗin kujera ya gagare shi, sai da ma'aikaciyar jirgi ta ɗaura masa, ta ɗaura mata. Da injin ya fara ruri, jirgi ya zabura da gudu, ta ji ya damƙe mata hannu har ƙashi. Tafinsa sharkaf da zufa. Ta ji ƙasa ta sake su. Ta juya fuska ga tagar, ba komai sai fari.

"Baban Joy, me kake gani?"

Nan take ya fara. Ga dutsen Dala can, ga Goron Dutse, ga ganuwa ta zagaye gari, ga kasuwar Kurmi cike da mutane, ga titin Zariya ya miƙe sambal, kai har ga rufin gidanmu. Magana na zuba ba gargada. Ta ce ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ɗaga hannu ta lalubi fuskarsa. Idonsa a runtse gam.

"Ishaku," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun kafin a haifi Joy. "Wannan muryar wajen mai shayi ce, na haddace ta. Ni ba zan gani ba. Kai kana da ido, ka buɗe, ka gaya min abin da ke wurin."

Ta ce ya ɗauki lokaci. Ta ji ya ranƙwafo ta gabanta yana numfashi da ƙyar, hular ta faɗo mata a cinya. Da ya yi magana muryar ba ta Kyaftin ba ce.

"Ban gane ko'ina ba, Tabita. Kwano ne kawai, rufin kwano, wani ya yi tsatsa wani yana ƙyalli. Da yawa. Ban san garin ya kai haka ba."

"Mutane fa?"

"Ba a ganin mutane."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Ga wani ruwa can, ban san sunansa ba. Gonaki... an yanka su ƙanana-ƙanana, irin yadda kike zanawa a allo. Wallahi irin naki ne, har layukan."

"Ci gaba."

Ya ci gaba, yana faɗa yana tsayawa, yana gyara abin da ya faɗa, har gajimare ya rufe komai ya ce mata yanzu shi ma fari kawai yake gani. Sai ta ji ɗigon ruwa a bayan hannunta.

"Da na kawo ki tun kina gani," ya ce.

"Lokacin kujerar tana da mai saye," in ji ta.

Ta ce min ba don ta ƙona masa rai ta faɗa ba, gaskiya ce kawai ta fito. Kuma ba ta zare hannunta daga nasa ba har Legas.

Yanzu shagon titin Kotu mai cajin waya ne a ciki, jirgin da aka zana yana nan, fentin ya koɗe. Baban Joy yana sayar da katin waya da ruwan leda a bakin layinmu. Hular ban sake ganinta a kansa ba. In matasa suka tsokane shi wajen mai shayi suka ce Kyaftin a ba mu labarin sama, sai ya ce kunne dai yana toshewa, wannan gaskiya ne, ya ci gaba da shan shayinsa. Da yamma shi ke ɗiga mata maganin ido, ko da yake likita ya ce saura kaɗan abin da ake riƙewa. Ina jin tausayinsa wani lokaci, wani lokaci kuma in na tuna silifas ɗin nan na hoton biki sai tausayin ya gudu.

Ranar da ta gama ba ni labarin, muna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar takarda da ta lanƙwashe, guntun da ake bar wa fasinja in zai shiga jirgi. Ta miƙo min ta wajen da take jin muryata.

"Maman Sadiq, karanta min sunan da ke jiki."

Na ce, "Tabita Ishaku."

Ta karɓa, ta shafa shi da yatsa, ta mayar bakin zani ta ƙulle.

"To," ta ce, "wannan karon dai ni ce."